Yabo da Maki: Wa Za a Gaskata Game da Motocin Ɗaukar Kaya?



Batun da zan yi magana a kai yau shi ne irin shaidar da mai sayen mota yake dogara da ita kafin ya fitar da kuɗinsa, musamman motar ɗaukar kaya, watau wadda muke kira a-kori-kura. Zan ɗauki misalaina daga ƙasar Amurka, domin a can ne wannan sana'a ta auna motoci ta fi bunƙasa, kuma a can ne a-kori-kura ta zama sarauniyar titi, har motar Ford F-Series ta riƙe kambin ciniki a cikin irinta tun daga 1977. Shaidun da ake kafa hujja da su iri uku ne, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko su ne mujallun motoci, irin su Motor Trend da Car and Driver. Marubutansu gwanaye ne wajen tuƙi, kuma in suka ce mota tana da ƙarfin ja, ko burkinta yana kamawa, ko kujerarta tana gajiyar da baya, to, maganarsu abar saurare ce. Amma ya kamata mu san yadda motar take zuwa hannunsu. Galibi kamfanin da ya ƙera ta shi ke ba su aro, sabuwa ful, an duba ta an gyara, su hau na mako ɗaya ko biyu su mayar. Sau da yawa kuma kamfanin ne ke ɗaukar nauyin tafiyarsu zuwa bikin ƙaddamarwa, sannan shi ne mai sayen shafukan talla a mujallar. Ko da marubuci mai gaskiya ne, mako biyu ba ya nuna abin da shekara biyar za ta fallasa. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Alal misali, a 1971 Motor Trend ta ba ƙaramar motar nan Chevrolet Vega lambar motar shekara, amma ba a daɗe ba ta yi ƙaurin suna wajen tsatsa da lalacewar inji. Abin da ya fi amfani a mujallun shi ne gwajin dogon zango, kamar wanda Car and Driver take yi na mil 40,000, inda ake rubuta kowane gyara da kuɗinsa.

Shaida ta biyu ita ce ta kamfanin J.D. Power, wanda aka kafa a 1968. Shi tambayar masu motoci yake yi. Bincikensa da ya fi shahara, wanda ya fara a 1987, yana tambayar mutum matsalolin da ya gani a cikin kwana 90 na farko, sannan a lissafa matsala nawa aka samu a kowace mota ɗari. To, a nan akwai abubuwa biyu da ya kamata mu lura da su. Na ɗaya, kwana 90 ƙuruciyar mota ce. Na biyu, a wannan lissafi ƙorafi ƙorafi ne: wanda ya kasa haɗa wayarsa da rediyon mota da wanda injinsa ya buga, kowanne matsala ɗaya aka ƙirga masa. Saboda haka ne kamfanin Ford ya faɗo daga matsayi na 5 a 2010 zuwa na 23 a 2011, galibi don mutane sun sha wuya da sabon allon sarrafa rediyo da waya da ya sa a motocinsa. Akwai wani bincike nasu na motocin da suka shekara uku, wanda ya fi kusa da abin da mai saye yake son sani. Daɗin daɗawa, kamfanonin mota ne manyan masu sayen sakamakon binciken, kuma duk wanda yake son ya ambaci lambar yabon a tallarsa sai ya biya. Wannan bai sa alkaluman sun zama ƙarya ba, amma ya bayyana dalilin da ya sa kamfani yake ɗaga lambar da ta yi masa daɗi kawai.

Shaida ta uku ita ce mujallar Consumer Reports, wadda wata ƙungiyar kare masu saye ta fara bugawa a 1936. Ba ta karɓar talla, tana sayen motocin gwajinta da kuɗinta ba tare da dillali ya san ko su wane ne ba, tana kuma da filin gwaji nata a jihar Konetikat. Wannan 'yanci ya ba ta damar faɗin abin da wasu ke tsoro. A 1988 ta ce ƙaramar jif ɗin Suzuki Samurai tana da saurin kifewa, ciniki ya faɗi warwas, Suzuki ya kai ƙara a 1996, aka sasanta a 2004. Duk da haka ita ma tana da iyakarta. Masu amsa tambayoyinta membobinta ne, ba a zaɓo su daga dukkan jama'a ba, kuma wanda ya ga dama shi ke amsawa. Haka nan makin da take ba sabuwar mota hasashe ne da aka gina a kan tarihin kamfani. A 2007 ta daina ba sababbin motocin Toyota shaidar yabo kai tsaye, bayan da wani samfurin Tundra ya kasa kai matsakaicin maki.

Wani abin da ke rikitar da mutane shi ne bambanci tsakanin ƙaunar mota da ingancinta. Motar lantarki Rivian R1T ta ci lambar Motor Trend ta motar kaya ta 2022. A 2024 kuma binciken Consumer Reports ya sa kamfanin Rivian a kan gaba wajen gamsuwar masu shi, ya kuma sa shi a ƙarshe wajen rashin lalacewa. Duka biyun gaskiya ne, tambayoyin ne daban. Akwai kuma cutar da ba ta bayyana sai an tsufa. Toyota Tacoma ta daɗe tana shan yabo, amma a 2016 kamfanin ya amince da sasanci na kimanin dala biliyan 3.4 saboda tsatsar da ta ci ƙashin bayan wasu Tacoma da Tundra da Sequoia. Babu binciken kwana 90 da zai hango wannan.

Me ya shafe mu? Motoci da yawa da aka yi amfani da su a Amurka suna shigowa kasuwanninmu ta Legas da Kwatano, kuma mai saye yau yana iya karanta waɗannan maki a wayarsa. Sai ya tuna cewa an auna su ne a kan titunan can da man can da kanikawan can. Tsatsar da na ambata gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ne ke tsananta ta, don haka wajibi ne a leƙa ƙarƙashin motar da ta fito daga jihohin sanyi. Ƙura da zafi da lodi fiye da ƙima da samuwar kayan gyara kuwa, babu wanda ya tambayi Ba'amurke a kansu. Hilux ɗin da muka sani ma an daina sayar da ita a Amurka tun 1995, saboda haka ba ta cikin lissafinsu.

A taƙaice, duk makin da aka nuna maka, yi masa tambaya huɗu: wa ya biya kuɗin aikin, wa aka tambaya, me aka ƙirga, kuma shekarar motar nawa lokacin da aka auna ta. Nemi ra'ayin mujalla a kan tuƙi, nemi bincike a kan tarihin lalacewa, ka guji samfurin da ke shekararsa ta farko, domin daga na gaba ake ganin zurfin ruwa. Bayan haka ka je wurin bakanike da direban da ya shekara biyar da irinta, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.