YADDA LITTAFIN BASHI KE KOMAWA CIKIN WAYAR HANNU

Ga jawabin da aka gabatar wa 'yan kasuwar Arewa mazauna Kudu game da sabuwar hanyar ajiye lissafin ciniki.



Sanin kowa ne cewa cinikin da ke tsakanin Arewa da Kurmi a kan amana ya ke tafiya. Mai shanu ya kan taso daga Potiskum ko Maigatari, ya damƙa wa maigidansa dukiyarsa a Ikko ko Badun, a sayar wa mahauta bashi, shi kuwa ya zauna jiran kuɗinsa. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Badun, ya nuna a littafinsa na 1969 cewa ƙarfin maigida duka yana ga tsayawar da ya ke yi tsakanin baƙo da mai saye. Har yau haka abin ya ke, ko a kara, ko a kasuwar Mile 12, ko wajen goro a Shagamu.

To, amma wannan amana mai nauyi sau da yawa littafi guda ne ke ɗauke da ita, a hannun mutum guda. In ruwa ya ci littafin, ko gobara ta tashi a kasuwa, ko kuwa Allah ya yi wa maigida rasuwa, sai a bar magada da masu kaya suna ta rantse-rantse a gaban Sarkin Hausawa. Dalilin wannan jawabi ke nan.

Da farko ya kamata a san abin da a ke kira jadawalin lissafi. Shi dai shafi ne a cikin kwamfuta, an tsaga shi layi-layi a kwance da a tsaye kamar littafin akawu, sai dai shi da kansa ya ke tarawa da ɗebewa. Dan Bricklin da Bob Frankston su ne su ka fito da na farko a Amurka cikin 1979, da sunan VisiCalc. Lotus 1-2-3 ya biyo baya a 1983, Excel a 1985, sa'an nan Google Sheets a 2006, wanda mutane da dama ke iya buɗewa lokaci guda ta intanet. Aibin jadawali shi ne ba ya daɗin aiki a kan fuskar waya, kuma duk wanda ya buɗe shi yana ganin kome, yana iya goge kome.

A da, wanda ya ke son manhajar kansa tilas ya ɗauki masanin rubuta umarnin kwamfuta, ya biya kuɗi masu yawa, ya jira watanni. Yanzu akwai kamfanonin da su ka ɗauke wannan wahala. AppSheet, wanda aka kafa a Seattle cikin 2014 kuma Google ya saye shi a Janairun 2020, da Power Apps na Microsoft wanda ya fito a 2016, da Glide, da Airtable, duk aikinsu ya yi kama da juna. Mutum zai nuna musu jadawalinsa, su karanta sunan da ke kan kowane layi na tsaye, su mai da shi gurbin cikewa a waya. Gurbin kwanan wata ya zama kalanda, na adadi ya ƙi karɓar harafi, na hoto ya buɗe kyamara.

A ɗauki misalin maigidan da ke karɓar albasa daga Aliero. Jadawali uku ya ke bukata: na masu kaya, na kayan da su ka iso, da na masu saye. Yaronsa da ke Arewa zai shigar da buhu 120 ranar lodi, tare da lambar mota da hoton kaya. Kafin motar ta ƙetare Jebba maigida ya riga ya gani. Da aka sauke, an sayar da buhu 80 kuɗi hannu, 40 kuma bashi. Manhaja za ta fid da la'ada da kuɗin mota da na 'yan dako, ta nuna abin da ya rage wa mai kaya, ta kuma jera masu bashi da ranar da kowa ya yi alkawari. Ana iya tsara ta yadda yaro ba zai ga kome ba sai abin da ya shigar da hannunsa, alhali maigida yana ganin duka. Wasunsu, kamar AppSheet, su na aiki ko babu intanet, su aika da bayani sa'ad da waya ta samu hanya.

Sai dai fa akwai abubuwa huɗu da ya wajaba a kiyaye.

Na ɗaya, abin da aka shuka shi ke tsirowa. In an rubuta mutum guda yau Muhammadu, gobe Mamman, jibi Mamuda, manhaja za ta ɗauke shi mutum uku, bashinsa ya rabu gida uku. Saboda haka a ba kowane abokin ciniki lambarsa wadda ba ta canzawa, kuma kada a cusa bayani biyu a gurbi ɗaya.

Na biyu, jadawali yana da iyaka, kuma ba kullum ya ke yin kuka in ya cika ba. A Oktoban 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta gano cewa sakamakon mutum 15,841 masu cutar korona bai shiga lissafi ba, domin an yi amfani da tsohon samfurin Excel wanda ba ya wuce layi 65,536. Ba a bi sawun waɗanda su ka yi cuɗanya da su a kan lokaci ba. In haka ta faru ga gwamnati mai tarin ma'aikata, lalle ɗan kasuwa ya riƙa gwada abin da ke waya da abin da ke aljihu kowane mako.

Na uku, kuɗin haya. Gwaji ya kan zama kyauta, amma da aiki ya kankama sai a fara biya wata-wata, galibi da dalar Amurka, sau da yawa kuma bisa yawan masu amfani. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen Naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura Naira 1,500 a 2024. Mai hankali zai lissafa kuɗin shekara guda tukuna, ya duba ko ribarsa za ta ɗauka.

Na huɗu, mabuɗi da sirri. A buɗe asusun da sunan maigida da lambar wayarsa, ko da ɗansa ko ƙanensa ne ya tsara masa manhajar, domin ran da aka ɓata da yaro kada ya tafi da lissafin gida. A riƙa sauke kwafin jadawali ana ajiyewa dabam, a buga a takarda ƙarshen wata. Har wa yau, sunayen masu bashi da lambobinsu amana ce. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Nijeriya cikin Yunin 2023 ta ɗora nauyi a kan masu tara irin wannan bayani, balle kuma tona asirin mai bashi ba halin dattijo ba ne.

Shawara ita ce a fara da abu ɗaya tak, watau lissafin bashi. A yi wata uku ana rubutawa a littafi ana kuma shigarwa a waya, sai an ga sun yi daidai kana a ƙara wani abu. Ba a fafa gora ranar tafiya, don haka kada a jira kakar albasa ko jajibirin Babbar Salla kafin a koya. Ƙungiyoyin kasuwa su zaɓi samari da 'yan mata biyu ko uku masu ilmin sakandare su ƙware, su koya wa saura, wannan ma sana'a ce.

Na'ura ba za ta mai da maƙaryaci mai gaskiya ba. Abin da za ta yi shi ne ta riƙe wa mai gaskiya shaidarsa, ran da mai kaya ya zo karɓar haƙƙinsa ko magada su ka zauna rabon gado.

Allah ya sa albarka a neman kowa, ya kai matafiya gida lafiya. Wassalam.