Kaset ɗin da ya dawo ta waya

Daren jiya wani ɗan'uwana ya turo mini waƙar Ɗan Maraya Jos da ya tsinto a YouTube. Ina jin kuntigin nan sai ga ni a bakin shagon mai kaset na unguwarmu, ina ɗan shekara 15, ina mayar da zaren kaset da biro don kada batir ya ƙare.

A wancan zamanin, in kana son waƙa a rediyo, kati za ka aika wa shirin zaɓi sonka, ka yi makonni kana kasa kunne. Ni na Ɗan Maraya ne, abokina na Shata, musu har a kira magariba. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, namu kaset-kaset ɗin kuwa ƙura da damina sun gama da su.

Allah ya saka wa waɗanda suka adana nasu suka ɗora a intanet. Har shuuu ɗin tsohon kaset na nan, kuma a cikinsa na jiyo muryar mahaifina yana cewa in rage sauti, akwai baƙi a zaure.