Ɗora Samfurin Yuraniyom A Kan Zaren Awo: Lacca Ga Ɗaliban Kimiyya



Batun da aka ba ni shi ne yadda ake ɗora samfurin yuraniyom a na'urar awon nauyin ƙwayoyin zarra, da hanyoyin kyautata wannan aiki. Da jin batun wani zai ɗauka ƙaramin abu ne, to amma bari mu duba tare.

Yuraniyom ɗin da ake haƙowa, ko a Arlit ta Jamhuriyar Nijar ko a Kanada, ƙwayoyinsa ba nauyinsu ɗaya ba. Mai lamba 238 ta kai kashi 99.27 cikin ɗari, mai lamba 235 kashi 0.72, sai ɗan burbushin mai lamba 234. Mai lamba 235 ita ce makamashin tukunyar nukiliya, ita kuma ake tacewa domin ƙera bam, saboda haka tilas a san yawanta daidai. A shekarar 1972 masana a Faransa sun auna yuraniyom daga Oklo ta ƙasar Gabon, suka sami kashi 0.717 maimakon 0.720. Wannan ɗan giɓi shi ya kai ga gano cewa wurin ya taɓa zama tukunyar nukiliya ta halitta, kusan shekaru biliyan 2 da suka wuce.

To, yaya ake awon? Akan narkar da samfurin cikin asid, a ɗiga ɗan ɗigo a kan siririn zaren ƙarfen reniyom, mai kama da na cikin ƙwan lantarki, a busar da shi. An zaɓi reniyom domin ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,186. Daga nan sai a sa zaren cikin na'urar, a zuƙe iska, a gasa shi har ƙwayoyin su tashi ɗauke da cajin lantarki. Maganaɗisu ya karkatar da su, marasa nauyi su fi masu nauyi lanƙwasawa, sa'an nan a ƙirga kowane kashi dabam.

Matsalolin guda uku ne. Ta farko, ƙwayoyin da ke ɗaukar caji ba su kai ɗaya cikin ɗari ba idan an ɗiga samfurin haka kawai, sauran duk asara. Ta biyu, yuraniyom yakan haɗu da iskar oksijin ya tashi da wani nauyi dabam. Ta uku, marasa nauyi sukan riga masu nauyi tashi, watau awon farko ba zai yi daidai da na ƙarshe ba.

Maganin yana farawa ne daga tsabta. Akan gasa zaren tun kafin a ɗora masa kome, domin dattin da ke jikinsa ya ƙone. Bayan haka a taƙaita ɗigon a tsakiyar zaren, kada ya bazu, domin tsakiya da gefe ba zafinsu ɗaya ba. A shekarun 1970 masana a Oak Ridge ta Amurka sun kyautata dabarar sa ɗan mitsitsin ƙwallon ƙaro ya tsotse samfurin, sai a ɗora ƙwallon shi kaɗai. Akan kuma ƙara sinadarin kabon a zaren, wanda ke janye oksijin, ya kuma ƙara yawan ƙwayoyi masu caji. Wasu kan yi amfani da zare biyu, ɗaya na tayar da samfurin, ɗaya mai tsananin zafi na ba shi caji. Matsala ta uku kuwa, akan ƙone samfurin ƙurmus, a tara lissafin gaba ɗaya, sa'an nan a gwada na'urar da samfurin da aka riga aka san adadinsa.

'Yan'uwa, wannan ilmi bai yi mana nisa ba. Tukunyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta fara aiki a 2004, kuma a 2018 aka sauya makamashinta daga mai kashi 90 zuwa mai kashi 13. Da irin wannan awo Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya take tantance samfurori a ɗakunan bincikenta na Seibersdorf a Ostiriya. Hausawa na cewa tun ranar gini tun ranar zane. Na'ura kome tsadarta ba ta gyara ɗigon da aka ɗora da ganganci, saboda haka ku horar da hannuwanku tun kuna ɗalibai.