Jawabi a Taron Ƙungiya: Neman Asalin Kakanninmu a Tsofaffin Takardu



Abin da ya sa muka nemi a ba mu wannan fili shi ne tambayar da 'ya'yanmu ke dawowa da ita gida duk lokacin da aka ce su kawo takardar shaidar asali: "Baba, wai mu 'yan ina ne?" Da yawanmu hanyar jirgin ƙasa ce ta kawo kakanninmu, wadda ta taso daga Baro, ta ratsa Minna, ta isa Kano a 1911. Suka sauka a ƙasar Gwari, wasu leburanci, wasu fatauci, aka zauna su Limawa da Kwangila. To, daga wane gari suka taso, wace unguwa? Nan sai kowa ya yi shiru.

Yara sun nuna mana a waya cewa an ɗauki hotunan tsofaffin takardu an zuba a intanet. Laburaren Birtaniya da ke Landan ya sa wasu takardu na gidan adana takardun tarihi na Kaduna, kowa ya duba kyauta. Akwai kuma FamilySearch, na wani coci a Amurka, mai tattara salsala daga bakin dattawa har a Nijeriya. Mun zauna mun gwada, kuma wallahi aikin ba na mai gaggawa ba ne.

Bature ba don mu ya yi rubutu ba. Haraji da jangali ne suka dame shi, sai sunan hakimi da dagaci. Mai sayar da goro ba ya shiga fayil sai in ya yi shari'a. Ga kuma rikicin suna: Muhammadu ɗaya, wannan akawu ya rubuta Mamman, wancan Momodu. Ba mu da sunan gida mai bin zuriya irin na Turawa, in ka nemi Audu Kano, wanne daga ciki? Rubutun hannu kuwa hoto ne kawai, sai ka bi shi shafi-shafi kamar mai lissafin bashi. Fayilolin lardinmu da ake kira Minprof suna Kaduna, mai son su ya tanadi kuɗin mota.

Saboda haka muna roƙo, kowane gida a zauna da tsohuwar da ta fi kowa shekaru, don mata sun fi mu riƙe dangi. A rubuta sunan kaka da laƙabinsa, da sana'arsa, da garinsu, da malamin da ya karantar da shi. A miƙa wa sakatare kafin taro mai zuwa.