Inuwa Da Haske Wajen Renon Irin Dashe

Jama'a manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun,

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, noman rani ya zauna da gindinsa a wannan yanki namu. To, amma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tumatir da tattasai tun a wurin reno ake sanin abin da za su yi.

Da yawa daga cikinku kan yi reno a tsohon kwano ko kasko, ku ajiye cikin zaure ko ɗaki don gudun awaki da kaji. Wasu kuma su yi rumfa mai duhu. Ku sani, da hasken rana ganye ke haɗa abincin shuka. In haske ya yi kaɗan, sai iri ya zuƙe, ya yi tsawo siriri, ya koɗe, ya karkata wajen ƙofa. Ga danshi ba ya bushewa, sai ciwo ya kama shi a gindi ya kwanta. Irin da ya tashi haka, in an dasa shi, rana ɗaya ta ishe shi.

Ga abin da za ku yi:

1. Ku huda gindin kwano don ruwa ya riƙa tsiyayewa.

2. Da zarar iri ya tsiro, tumatir cikin kamar mako guda, ku kwashe ciyawar da kuka rufe shi da ita.

3. Ku fito da kwano ya sha hantsi kullum. In babu hali, ku ajiye shi bakin ƙofar da ke duban gabas, kuna juya shi bayan kwana 2.

4. Rumfa ta kai tsayin ƙafa 3, rufinta shara-shara, yadda rana za ta riƙa leƙawa.

5. Kada ku yi ban ruwa sai saman ƙasa ya sha iska. Shukar inuwa ba ta shan ruwa da yawa.

6. Ku riƙa rage inuwa sannu a hankali. Saura mako guda dashe, ku yaye ta gaba ɗaya.

Tumatir ya isa dashe a mako 4 zuwa 5, tattasai kuwa kamar mako 6. Ku dasa da la'asar sakaliya, ku ba da ruwa nan take.

In kun ga wata alama da ba ku gane ba, maza ku nemi malamin gona. Allah ya ba mu rani mai albarka, amin.