Guguwa da Ambaliya a Ƙauyukan Wurno, Rabah da Goronyo: Shiri Tun Kafin Ruwa Ya Iso

Gabatarwa

 

Manomin gabashin Sakkwato yana fuskantar jarrabawa biyu a damina guda. A Mayu da Yuni hadari kan taso daga gabas da iska mai ƙarfi, ta yaye kwano da jinka, ta tuge itatuwa. A Agusta da Satumba kuma gulbi ya cika ya batse. Abin da wannan takarda ke son tabbatarwa shi ne: tunda an san lokacin zuwan waɗannan masifu, bai kamata su riƙa riskarmu kamar baƙin dare ba.

Yanayin yankin

Goronyo da Wurno suna kan Gulbin Rima, Rabah kuma tana bakin Gulbin Sakkwato. Kowane gulbi yana da dam a samansa: na Goronyo, wanda aka kammala a 1984, yana iya ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900, sai na Bakolori a Zamfara, wanda aka gama a 1978. Rima tana karɓar ruwan Bunsuru da Gagere da Gulbin Maraɗi, don haka ruwan da aka yi a Katsina, Zamfara ko Nijar yana iya cinye gonar mutumin Wurno ko da sararin garinsa garau yake.

Fadamar nan ce ke ba mu shinkafa, albasa, tafarnuwa da alkama. Albarkarta ce ta sa mutane suka matso bakin ruwa, kuma nan haɗarin yake.

Darasin 2010

A Satumban 2010 ruwan sama ya cika dam ɗin Goronyo, aka buɗe ƙofofinsa. Ruwa ya mamaye ƙauyuka irin su Kagara, ya bi fadama har Sakkwato, inda ya yanke hanyar da ta haɗa birni da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Dubban mutane suka rasa matsuguni, suka koma tudu da makarantu.

Amma ɓarnar da ta fi ciwo ita ce wadda ke bayyana bayan ruwa ya janye. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa nan take. Gindinsa ke jiƙa, sai bayan kwanaki ya rufta, wani lokaci a kan masu barci. Rumbu idan ya faɗi, ya tafi da abincin bana da irin baɗi. Ruwa ya haɗa rijiya da salga, sai amai da gudawa su ɓarke, sauro ya yi yawa. Magidancin da ya ci bashin taki ya wayi gari ba amfanin gona, ga mai bashi a ƙofa. Daga nan sai sayar da akuya da saniyar noma, sai matasa su tafi cin rani tun kafin kaka. Buhun shinkafa da tabarmar da ake rabawa a sansani suna da amfani, amma ba su mayar da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Haka ita ma iska. Gidan da ta yaye wa rufi a farkon damina zai sha ruwan wata uku a buɗe, kafin ambaliya ta zo ya riga ya yi laushi. Sare itatuwa don girki da gawayi ya bar ƙauyuka ba garkuwa, ya kuma sa zaizayar ƙasa tana tura yashi cikin gulbi da dam. Dam ɗin da yashi ya cike ba ya riƙe ruwan damina, ba ya kuma wadatar da rani, kamar yadda aka gani a 2018 lokacin da ruwan Goronyo ya ja baya ƙwarai.

Shawarwari

1. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta sanar da lokacin buɗe dam da wuri, ta Rediyon Rima, uwayen ƙasa, limamai da sarakunan ruwa, cikin Hausa da Fulatanci.
2. Hasashen da hukumomin yanayi da na ruwa, NiMet da NIHSA, ke fitarwa kowace shekara a kai shi kasuwanni da masallatai, kada ya tsaya a ofis.
3. Kowane ƙauyen fadama a ware masa fili a tudu, da rijiya da rumbun ajiyar iri.
4. A ɗaga gindin gini da dutse ko siminti, a ɗaure azara da kwano da waya, a dasa dogon yaro da bagaruwa a gabashin gari.
5. Hukumomin agajin gaggawa, NEMA da SEMA, su haɗa tallafinsu da iri, taki da injin ban ruwa, domin noman rani ya cike giɓin damina.
6. A yashe dam ɗin Goronyo, a kuma riƙa kula da madatsar Lugu ta Wurno.

Kammalawa

Ruwa da iska ikon Allah ne, amma gargaɗi, wurin gudu da ingancin gini aikinmu ne. Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin nan uku su zauna da uwayen ƙasa kowace shekara kafin ruwan farko, su fitar da jerin ƙauyukan da ke cikin haɗari da wanda zai ɗauki alhakin sanar da kowanne. Allah Ya ba mu damina mai albarka.