Haske da Takarda: Lacca ga Masu Koyon Ɗaukar Hoto da Ninke Takarda

An gabatar da ita a gaban malaman makaranta, iyaye da matasa a unguwar Lazaret, birnin Yamai.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Bayan haka, ba na shakka a cikinku akwai wanda, da ya ji an ce za a tara jama'a domin a yi magana a kan ɗaukar hoto da salula da kuma ninke takarda ta zama tsuntsu ko kare, ya ce a ransa lalle matsalolin duniya sun ƙare, tun da har manya sun sami sukunin zama a kan wasan yara. Ban ga laifin mai wannan zato ba, sai dai ina roƙonsa ya ba ni aron hankalinsa, domin abin da nake son tabbatarwa a wannan majalisi shi ne cewa fannonin nan biyu, ko da yake ɗaya yana bukatar na'ura, ɗaya kuwa ba ya bukatar kome sai fallen takarda, sharaɗinsu guda ne, wato ido ya natsu ya gani sosai kafin hannu ya motsa. Wanda kuwa ya rasa wannan natsuwa, ko an saya masa na'urar da ta fi kowace tsada a Babbar Kasuwa, ba zai fitar da abin kirki ba.

Mu fara da haske, domin shi ne asalin hoto. Shehin malamin nan Alhasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekara ta 965 Miladiyya, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tarar da masana da yawa suna kan ra'ayin cewa ido ne ke fitar da haske ya kai ga abin da ake kallo, sai ya kafa hujja a cikin littafinsa Kitabul Manazir, ta hanyar gwaji da hisabi, cewa hasken ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, kuma a miƙe yake tafiya. Wanda ya taɓa kwanciya da rana tsaka a ɗaki mai duhu, aka rufe ƙofa, aka bar ƴar huda a jikinta, zai yiwu ya ga siffar masu wucewa a waje tana gilmawa a bango, kai a ƙasa ƙafa a sama. Wannan ɗakin ne aka ƙanƙanta har ya shiga aljihu. Abin da mutanen Faransa suka ƙara, Niepce wajen 1826 da Daguerre a 1839, shi ne dabarar riƙe siffar kada ta gushe. Saboda haka tambayar farko da ta wajaba a kan mai ɗaukar hoto ita ce: daga ina hasken yake zuwa?

A ƙasarmu rana tana da ƙarfi, kuma da tsakar rana takan tsaya bisa kai, ta cika ramin ido da inuwa, ta sa mutum ya yamutse fuska kamar wanda aka yi wa laifi. Lokutan da suka fi dacewa su ne daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar, sa'ad da hasken yake zuwa daga gefe yana fito da tsarin fuska. In larura ta sa dole a ɗauka da azahar, kamar yadda yakan faru a wurin suna ko ɗaurin aure, to, a shigar da mutum inuwar bedi ko bakin zaure, a juya fuskarsa wajen da haske yake shigowa, mai ɗauka kuma ya ba wa hasken baya. Akwai wata mas'ala da ta shafe mu musamman: idan dattijo baƙi ya sa farar babbar riga da farin rawani, na'urar takan ruɗu da farin, ta rage haske, sai ka ga riga tana walƙiya alhali fuskar mai rigar ta ɓace. Maganinta shi ne ka taɓa fuskarsa da yatsa a kan gilashin salular kafin ka ɗauka, domin na'urar ta auna haskenta a kan fuskar.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. Ka goge idon na'urar da tsumma mai taushi, musamman a lokacin hunturu, domin rabin hotunan da ake ɗora wa laifin hazo, ƙurar aljihu da maiƙon yatsa ne suka ɓata su. Ka riƙe ta da hannu biyu, ka haɗa gwiwoyin hannunka da haƙarƙarinka, ka tsayar da numfashi a lokacin dannawa. Ka matsa kusa da ƙafarka maimakon ka jawo hoton da yatsu, domin jawowar tana farfasa shi. In yaro za ka ɗauka, ka durƙusa idonka ya yi daidai da nasa. Ka buɗe layukan nan da suka raba gilashi gida tara, ka ajiye idon mutum a kan layin sama, kuma in ka tsaya a kan gadar Kennedy za ka ɗauki kogin Kwara, ka daidaita gaɓar ruwan da ɗaya daga cikin layukan, kada kogin ya fito a karkace. Mafi muhimmanci duka, ka dubi abin da ke bayan mutum kafin ka dubi mutumin, domin sau da yawa amarya takan yi kwalliyar yini guda, sa'an nan a ɗauke ta turken wutar lantarki ya tsiro daga ɗankwalinta, baƙar leda kuma tana lilo a reshe kusa da kunnenta, alhali taku biyu zuwa dama da sun gyara kome.

Magabata a wannan fanni sun yi aiki da ƙasa da abin da ke aljihun ɗan makaranta a yau. Saidu Keita, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, mafi yawan hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, ya rataya zane mai ado a bayan mutum, ya gyara masa zama da ajiyar hannu, kuma a yau gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka suna alfahari da mallakar aikinsa. Malik Sidibe, shi ma na Bamako, ya karɓi babbar lambar girmamawa a birnin Venis a 2007 saboda hotunan samari da ƴammatan garinsu. A nan Yamai kuwa, Philippe Koudjina, wanda aka haifa a Kwatano a 1940 ya rasu a 2014, ya bi wuraren shaƙatawa da tarukan birnin nan a shekarun 1960 da 1970, har ya zama wanda yake son ya ga irin tufafin mutanen wancan zamani da yanayin fuskokinsu, hotunansa yake nema. Darasin da ke ciki shi ne hoton yau tarihin gobe ne. Ku riƙa wanke kaɗan daga cikin naku a takarda, ku rubuta suna da shekara a baya, domin salula takan faɗa ruwa, takan kuma shiga hannun ɓarawo.

Wajibi ne in ambaci ladabi. Dattawan da ke nan suna tune da cewa a lokacin farin 1973 da 1974, a wannan wuri na Lazaret aka kafa sansanin bayin Allah da suka gudo daga arewa bayan dabbobinsu sun ƙare. Hotunan yunwar Sahel sun zaga duniya a wancan zamani, sun kuma taimaka wajen jawo agaji. Amma ya kamata mai hankali ya tambayi kansa ko zai so a nuna mahaifiyarsa ga duniya a ranar da ta fi kowace rana ƙunci a rayuwarta. Saboda haka a nemi izini kafin a ɗauka, a sake neman wani kafin a watsa a WhatsApp ko Facebook, a kame hannu daga mai haɗari da mara lafiya da mabaraci, a kuma nisanci wuraren tsaro da hukuma ta hana. Siffar mutum amana ce a hannun wanda ya ɗauke ta.

Yanzu mu koma ga takarda. A ƙasar Sin aka ƙago ta, ta iso Samarƙandi a ƙarni na 8, ta shiga Bagadaza a ƙarshen wannan ƙarni, daga baya kuma ayarin raƙuma suka riƙa kawo mana ita daga Tarabulus. Wanda ya ɗaga fallen wani tsohon littafi na Sakkwato ko Kano ya duba shi a haske, sau da yawa zai ga tambarin jinjirin wata uku na masana'antun Italiya. Ninke ta ma ba baƙon abu ba ne gare mu, tun da malami yakan ninke rubutu ya miƙa wa baduku ya rufe da fata, mai tsire yakan ninke takardar siminti ta riƙe nama da yaji ba tare da zare ba, kuma babu ɗan makarantar da bai taɓa yage littafinsa ya yi jirgin ruwa da damina ba. Mutanen Japan ne dai suka mayar da abin fanni mai ƙa'ida, wanda suke kira origami. Tun a 1797 aka buga littafi a can a kan ninke tsuntsun nan ɗan'uwan gauraka, sa'an nan Akira Yoshizawa, wanda ya rayu daga 1911 zuwa 2005, ya tsara alamomin layi da kibiya waɗanda ake koyarwa da su a ko'ina. Har injiniyoyin Japan sun yi amfani da wani salon ninki wajen buɗe faifan hasken rana na wani tauraron ɗan'adam a 1995.

Gani ya kori ji, saboda haka kowa ya ɗauki fallen da aka raba. Tsawonsa santimita 29.7 ne, faɗinsa 21, mu kuwa murabba'i muke bukata. Ku kama kusurwa ɗaya ta sama ku kawo ta har gajeren gefen ya kwanta daidai a kan dogon gefe, ku yanke ragowar da ta leƙo a ƙasa. Abin da ya rage a hannunku mai kusurwa uku ne. Ku ajiye shi dogon gefensa a sama, tsininsa yana kallonku. Ku karyo kusurwoyin sama biyu zuwa ƙasa, kun sami kunnuwa. Ku ɗaga tsinin ƙasa kaɗan zuwa sama, kun sami baki. Ɗigo biyu na alƙalami, ga kan kare. In kuka mayar da kunnuwan sama kuka juya takardar, kyanwa ce. Mai son agwagwa kuwa ya buɗe murabba'in, ya kawo gefuna biyu maƙwabta su haɗu a layin tsakiya, ya juya takardar ya maimaita, ya mayar da dogon tsinin baya har ya kai ɗaya ƙarshen, ya karyo bakinsa ya zama kai, ya ninke duka biyu a tsaye, sa'an nan ya jawo wuyan sama a hankali.

Ƙa'idojin ninki uku ne. A yi aiki a kan abu mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, ba a kan cinya ba. A haɗa kusurwa da kusurwa, a duba, a sake dubawa, kafin a danna. Sa'an nan a bi layin da farcen babban yatsa daga tsakiya zuwa gefe. Na uku, a ba ninkin farko haƙƙinsa, domin shi kamar zagayen farko ne na naɗin rawani: in ya karkace, duk abin da aka ɗora a kansa a karkace zai tafi. Ga malaman makaranta kuma akwai wata fa'ida, ita ce yaron da ya ninke murabba'i ya riga ya riƙe rabi da rubu'i da kusurwa mai digiri 45 a hannunsa tun kafin a rubuta masa su a allo, kuma ajin da ba shi da kayan handasa ba ya rasa tsohuwar takarda.

Inda fannonin biyu suke haɗuwa shi ne nan. Dabbar takarda ba ta jin kunya, ba ta gajiya, ba ta kuma cewa a goge a sake. Saboda haka ita ce mafi dacewa ga mai koyon haske. Ka ajiye agwagwarka a bakin taga, ka ɗauke ta haske na gabanta, ka juya ta yana gefenta, ka sake yana bayanta, ka jera hotunan uku ka yi nazarin yadda kowane ninki ya fito ko ya ɓuya. In ka kafe salular wuri ɗaya, kana matsar da agwagwar kaɗan kaɗan kana ɗauka, sa'an nan ka bi hotunan da sauri, za ka ga ta yi tafiya. Wannan ita ce dabarar da ɗan ƙasarmu Mustafa Alasan, wanda aka haifa a N'Dounga a 1942 ya rasu a 2015, ya shahara da ita, shi da ya sa kwaɗin zane suka yi ziyarar shugaban ƙasa a fim ɗinsa Bon voyage Sim a 1966, ya zama cikin na farko a wannan fanni a Afirka.

Na san wani zai yi tambaya a kan hukuncin yin hoto da siffa. Ni ba mai fatawa ba ne, kuma ga malamai a zaune. Abin da na sani shi ne malaman zamani sun yi saɓani a kan hoton na'ura, da yawa daga cikinsu sun halatta shi bisa hujjar cewa riƙe siffa ne irin ta madubi, kuma ya zo a cikin Sunan na Abu Dawuda cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da ƴaƴan wasa har da doki mai fukafukai, wanda malamai suka kafa hujja da shi wajen rangwame ga kayan wasan yara. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, ya kuma ninke jirgi da fure da akwati, domin ƙa'idar ninkin ɗaya ce.

Abin da nake roƙo a ƙarshe kaɗan ne. Kowane malami ya keɓe ɗan lokaci a mako domin ninki; kowane matashi mai salula ya nemi izinin tsoho ko tsohuwar gidansu, ya zaunar da su a inuwa bayan la'asar, ya ɗauke su da kyau, ya wanke hoton ya rubuta suna. Allah Ya sa abin da muka ji ya amfane mu, Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Masu tambaya, bismillah.